Digirin Muhalli Da Lafiya A Ƙasashen Waje: Wa Ya Kamata Ya Biya Kuɗin?

Daga cikin fannonin karatu da jami'o'in Turai ke tallata wa matasan Nijeriya a 'yan shekarun nan, akwai wani digiri na biyu da ya haɗa ilmin muhalli da na lafiyar ɗan Adam a wuri guda. Matasa da dama da suka kammala digirin farko a fannin likitanci, ko kimiyyar sinadarai, ko aikin gona, ko ma tsimi da tanadi, sun fara sha'awarsa. Sanin kowa ne kuma cewa idan yaro ya samu takardar gurbin karatu, wurin mahaifinsa ko maigidansa na kasuwa yake kai ta. A nan Abuja, inda ofisoshin jakadanci da wakilan jami'o'in waje suke, irin wannan takarda tana yawan isa teburin 'yan kasuwa, kuma tambayar da ke biyo ta ita ce ko kuɗin da za a kashe zai dawo.

Ra'ayina shi ne ƙasar nan tana da matuƙar bukatar masu wannan ilmi, har ma rashinsu ya riga ya jawo mana asarar rayuka da ta kasuwanni. Sai dai hanyar da ake bi a halin yanzu, inda iyali guda ke sayar da fili ko shago domin tura yaro shi kaɗai, ba za ta samar mana da su ba. Waɗanda za su ci moriyar ilmin, wato ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu masana'antu da bankuna, su ne ya kamata su haɗa hannu su ɗauki nauyin karatun, bisa sharuɗɗan da zan ambata nan gaba.

Da farko, yana da kyau mai karatu ya san abin da karatun ya ƙunsa. Jami'ar Exeter da ke Ingila tana da cibiya ta musamman a yankin Cornwall wadda ke bayar da digiri na biyu a kan muhalli da lafiyar ɗan Adam. A birnin Landan, makarantar nazarin tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta haɗa gwiwa da kwalejin likitocin dabbobi wajen koyar da abin da ake kira Lafiya Ɗaya, wato duba lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli a matsayin abu guda. Jami'ar Edinburgh kuwa tana koyar da irinsa ta intanet, ɗalibi yana zaune a garinsu. Sunayen darussan sun bambanta, amma ginshiƙansu kusan ɗaya ne: ilmin yaɗuwar cututtuka, da ilmin guba da yadda take shiga jiki, da ƙididdiga, da zana taswirar inda cuta ko gurɓata ta fi yawa, da dokoki da manufofin gwamnati. A ƙarshe ɗalibi yakan rubuta kundin bincike a kan wata matsala guda. A Ingila shekara ɗaya ake yi, a yawancin ƙasashen Turai kuwa shekara biyu.

Tushen wannan ilmi ya daɗe. A shekarar 1854 wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida a wata unguwa ta Landan yana lissafin waɗanda cutar amai da gudawa ta kashe, ya zana su a taswira, ya gano cewa daga famfo guda suke ɗiban ruwa. Da aka cire hannun famfon, an yi maganin da asibiti ba zai iya yi ba. Mu ma a nan Arewa muna da namu tarihin, domin tun zamanin Turawa Makarantar Tsafta ta Kano ke horar da duba-gari, waɗanda dattawanmu ke tuna yadda suke leƙa randa da kwata da mahauta. Abin da ya canza shi ne irin gubar da ake nema. Duba-gari na da yana ganin ƙazanta da idonsa, amma dalma da ke cikin ƙura ko maganin ƙwari da ke cikin hatsi sai da na'ura da lissafi ake gane su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2016 wanda ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 12.6 ne suka mutu a 2012 sakamakon gurɓataccen muhalli, wato kusan kashi 23 cikin 100 na dukan mace-macen duniya a wannan shekara.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga abin da rashin masu wannan ilmi ke haifarwa. Bayan da farashin zinariya ya haura dala 1,000 a kasuwar duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara suka duƙufa wajen haƙarta. Suna kawo duwatsun cikin gida, suna niƙa su da injin niƙan hatsi, mata suna dakawa suna shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba su san cewa duwatsun cike suke da dalma ba. A watan Maris na 2010 ne ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, wato MSF, wadda ta je yankin domin wani aikin daban, ta lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Kafin a shawo kan lamarin, yara aƙalla 400 sun rasu, dubbai kuma sun sha gubar da ke taɓa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwa.

Abin lura ga mai nazarin tattalin arziki shi ne yadda aka magance matsalar. Likita yana da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma idan ya ba yaro ya mayar da shi gidan da ƙasarsa ke da guba, aikin banza ya yi. Don haka sai da aka kankare saman ƙasar gidaje da tituna, aka binne ta a nesa, aka zuba sabuwa. Wannan ma ba zai ɗore ba muddin masu haƙar suna ci gaba da niƙa a cikin gari, su kuwa ba za su bari ba saboda abin da suke samu a zinariya ya ninka na gero da dawa. Ke nan ana bukatar wanda zai fahimci jinin yaro, da ƙasar tsakar gida, da aljihun mahaifin yaron, duk a lokaci guda. Da aka nemi irin waɗannan mutane, daga Amurka aka kawo mafi yawansu: hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, da cibiyar Blacksmith, da kamfanin TerraGraphics wanda ya jagoranci share ƙasar. Garin Bagega, wanda ya fi sauran girma, ya zauna jira har farkon 2013 kafin kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari ya fito. Shekara biyu bayan haka, a 2015, irin wannan masifa ta sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Abuja, inda yara 28 suka rasu. MSF ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jihar a 2022, Gwamnatin Tarayya kuma ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a jihar a ƙarshen 2024. Duk wanda ke shirin zuba jari a wannan fanni ya tambayi kansa wa zai auna masa ƙura da ruwa kafin wata Bagega ta faɗo a kansa.

Idan ɗan kasuwa yana ganin wannan matsalar ƙauye ce, to ga wadda ta shigo kasuwa kai tsaye. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga ƙasar nan, saboda an yi ta samun maganin ƙwarin nan da muke kira fiya-fiya a cikinsa. Ma'aunin da Turai ta amince da shi shi ne miligiram 0.01 a kowane kilo, amma an samu buhunan da suka kai miligiram 4.6. A 2016 aka ƙara wa dakatarwar shekara 3, daga baya aka sake ƙarawa. Manomin da ya noma waken bai yi laifi ba, haka ma wanda ya nemo kasuwar a Turai. Ɓarnar a wurin ajiya take, inda mai sito ke tsoron ƙwaro ya cinye masa jari, sai ya yayyafa abin da ya fi araha. Alhali akwai buhunan nan masu linki uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, waɗanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da magani ba. Da a ce ƙungiyar 'yan kasuwar Dawanau da ke Kano tana da ma'aikaci guda mai wannan ilmi, da ƙaramin ɗakin gwaji, da an gano matsalar a sito kafin a gano ta a tashar jiragen ruwan Turai. Kuma mu tuna cewa waken da Turawa suka ƙi, a tukunyarmu ya ƙare.

Haka zancen yake ga gyaɗa da masara, waɗanda funfuna ke haifar musu da gubar afalatoksin mai jawo ciwon dajin hanta, kuma take hana su shiga manyan kasuwannin duniya. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan ta samar da maganin Aflasafe wanda ake watsawa a gona domin rage gubar, amma samar da magani daban, kai shi ga manomin Dawakin Kudu daban. Haka kuma masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai, waɗanda ruwan da suke fitarwa ke ɗauke da sinadarin kuromiyam, yana gangarawa koguna da manoman rani ke ban ruwa da su. Masu sayen fatu a Italiya da Sifaniya suna ƙara matsa lamba a kan yadda aka sarrafa fatar, ba kyawunta kaɗai ba.

Dokoki kam muna da su. Bayan da aka gano sharar guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnatin soja ta kafa dokar hana shigo da miyagun shara, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekara. A 1992 aka kafa Doka ta 86, wadda ta wajabta nazarin tasirin kowane babban aiki a kan muhalli kafin a fara shi. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta zo a 1999, hukumar NESREA mai tabbatar da bin ƙa'idoji a 2007. A 2012 bankunan ƙasar nan, ƙarƙashin jagorancin Babban Banki, suka amince da ƙa'idojin da suka wajabta musu duba illar aiki ga muhalli da jama'a kafin su ba da rance. Bankin Duniya ya tsaurara nasa sharuɗɗan daga 2018. A ƙarshen 2019 ma'aikatun lafiya da gona da muhalli suka ƙaddamar da tsarin Lafiya Ɗaya na ƙasa a nan Abuja. Ma'anar duk wannan ga mai masana'anta ita ce rahoton muhalli ya zama ƙofar rance da lasisi. Wanda ba shi da mai rubuta masa shi a gida, sai ya ɗauko ɗan kwangila daga waje ya biya shi da dala, ko kuma ya sayi rahoton da aka kwafa daga wani aikin, wanda ba zai tsaya a gaban mai ba da rance na ƙwarai ba.

To, tunda bukatar ta tabbata, sai mu koma ga lissafi, domin a nan gizo ke saƙar. Kuɗin makaranta na digiri na biyu a fannin kimiyya a Ingila yakan kai fam 20,000 zuwa 30,000 ga baƙon ɗalibi. Hukumar shige da fice ta ƙasar tana bukatar ya nuna sama da fam 1,000 na kowane wata har wata 9 idan a wajen Landan zai zauna, ga kuɗin biza da harajin kiwon lafiya da tikitin jirgi. Idan aka haɗa, da wuya abin ya gaza fam 35,000. Kafin watan Yuni na 2023, lokacin da farashin gwamnati bai kai naira 600 a kan fam guda ba, kuma ana iya samun canji ta banki da takardar Fom A, wannan kuɗi bai wuce naira miliyan 21 ba. Bayan da aka saki naira ta nemo wa kanta farashi, fam ya kai kimanin naira 2,000 a 2024, kuɗin ya koma miliyan 70. Waɗanda canjin ya riska a tsakiyar karatu sun ɗanɗana kuɗarsu, kamar ɗaliban Nijeriya na Jami'ar Teesside da aka umurta su bar ƙasar a 2024 saboda sun kasa cika kuɗin makaranta. Ko a Jamus, inda yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai ɗalibi ya ajiye kusan yuro 12,000 na shekara guda a asusu na musamman kafin a ba shi biza, karatun kuma na shekara biyu ne.

A ce yaron ya dawo ya samu aikin da ke biyansa naira 400,000 a wata, wanda albashi ne mai tsoka a ƙasar da mafi ƙarancin albashinta ya koma naira 70,000 a 2024. Kafin ya mayar da miliyan 70 sai ya yi fiye da shekara 14 bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba. Duk ɗan kasuwar da aka kawo wa irin wannan ciniki zai tashi ya bar wurin. Saboda haka yaron da iyayensa suka sayar da kadara suka tura shi yana da hanya guda ta biyan bashin, ita ce ya zauna can ya yi aiki da fam. Tun 2021 Birtaniya ke ba wanda ya kammala izinin zaman shekara 2 domin neman aiki, ko da yake a 2025 ta bayyana shirin rage shi zuwa wata 18. Ban ga laifin yaron da ya bi wannan hanya ba, domin lissafin da iyayensa suka koya masa a shago shi ya yi. Sakamakon dai shi ne Nijeriya ta biya kuɗin horar da ma'aikaci, wata ƙaramar hukuma a Ingila ta samu mai auna mata iska.

Masana tsimi da tanadi sun daɗe da sanin irin wannan matsala. Akwai jarin da ribarsa ke komawa aljihun wanda ya zuba shi, akwai kuma wanda ribarsa ke watsuwa ga jama'a. Idan ƙwararre guda ya hana a mayar da kwantenar riɗi ko wake daga Turai, ribar ta tafi ga dillalai ɗari da manoma dubu waɗanda ba su san sunansa ba, shi kuwa albashinsa bai ƙaru ba. Irin wannan jari, idan aka bar wa mutum ɗaya, ba zai zuba shi yadda ake bukata ba. A al'ada gwamnati ce ke cike wannan giɓi, kamar yadda Gwamnatin Jihar Arewa ta riƙa tura matasa Ingila a zamanin Sardauna, ko yadda Jihar Kano ta tura ɗalibai 501 karo ilmi ƙasashen waje a 2012. Amma asusun TETFund, wanda harajin ilmi da kamfanoni suka daɗe suna biya ya gina, ya dakatar da tura malamai karatu waje daga farkon 2025, saboda tsadar canji da kuma yawan waɗanda ba su dawo ba. Akwai guraben tallafi na Chevening da Kwamanwel da DAAD ta Jamus da kuma asusun PTDF, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya fara buga waɗannan ƙofofi, sai dai masu nema sun ninka guraben sau da yawa.

Akwai masu cewa tunda haka ne, a yi karatun a gida mana. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ga mafi yawan ɗalibai ita ce daidai. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa da ta lafiyar al'umma. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana da cibiya a kan gubar funfuna da tsaftar abinci. Jami'ar Ahmadu Bello da ta Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin waɗanda Bankin Duniya ya tallafa wa domin koyar da ƙa'idojin muhalli da zamantakewa. Tun 2008 ake horar da likitocin mutane da na dabbobi da masu gwaje-gwaje tare a shirin binciken annoba na ƙasa, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ta haura shekara 100 tana aiki. Da kuɗin tura mutum ɗaya Ingila za a iya koyar da mutane da yawa a waɗannan wurare. Abin da har yanzu ya fi samuwa a waje shi ne na'urorin da ke aiki kullum ba tare da jiran wuta ko sinadari ba, da zama a aji ɗaya da waɗanda gobe za su zama jami'an da ke duba kayanmu a tasoshin Turai, da sanin yadda suke tunani. Don haka 'yan kaɗan ne ya kamata su fita, kuma su dawo su koyar da sauran.

Wasu kuma na cewa karatun da ya ɗan taɓa kowane fanni a cikin shekara guda ba ya fitar da gwani a ko ɗaya. Wannan gaskiya ne idan aka tura wanda ba shi da tushe. Digirin ba zai mai da wanda bai san kimiyya ba masanin guba a cikin wata 12 ba. Amfaninsa yana ga wanda ya riga ya ƙware a fanni guda ya kuma yi aiki da shi, kamar likitan dabbobi da ya yi shekaru a mahauta, ko injiniyan ruwa, ko jami'in ba da rance a banki, wanda ke bukatar ya fahimci harshen sauran. Shirin Chevening da kansa ba ya ɗaukar wanda bai yi aikin shekara 2 ba, kuma yana sharɗanta masa komawa gida na shekara 2 bayan karatu. Ya kamata kuma a sani cewa an tsara darussan ne domin matsalolin masu su. Cibiyar Exeter, alal misali, ta yi suna wajen binciken yadda zama kusa da teku ke shafar lafiya da natsuwar mutane. Wannan bincike ne mai amfani ga mutanen Cornwall, amma ɗalibin da ya tafi hannu rabbana zai iya dawowa da kundi a kan gaɓar tekun Ingila alhali ƙurar Mpape na jiransa.

Shawarata ga cibiyoyin 'yan kasuwa da masana'antu na Abuja da Kano da Kaduna, da ƙungiyar masu masana'antu, da ƙungiyoyin masu fitar da amfanin gona, da masu haƙar ma'adinai, ita ce su kafa asusun haɗin gwiwa na horar da irin waɗannan ƙwararru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma miliyan 70 da ke karya iyali guda, idan aka raba wa kamfanoni 35, miliyan 2 ce ga kowane, abin da bai kai asarar kwantena ɗaya da aka mayar ba. Kamfanoni sun saba biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu ga asusun horaswa na ITF, saboda haka tunanin haɗa kuɗi domin horo ba baƙo ba ne a wurinsu.

Sharaɗin farko shi ne a zaɓi wanda ke cikin aiki, ta hanyar jarrabawa da ganawa a fili, ba ɗan shugaban ƙungiya ba. Na biyu, kada ya hau jirgi sai an yarda da matsalar da zai yi bincike a kanta, an kuma samu malami a wata jami'ar gida da zai yi aiki tare da malaminsa na waje, samfurin ƙasa ko ruwa ko hatsi kuma daga nan za a ɗauka. Na uku, a rubuta yarjejeniya a gaban lauya, da masu tsaya masa, cewa zai yi wa asusun aikin shekaru ƙayyadaddu, in ya ƙi ya biya kuɗin da farashin ranar biya. Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne a tanadi abin da zai dawo ya tarar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙwararren da ya dawo ya iske tebur da kujera kawai, babu na'ura, babu kuɗin fita fili, babu albashin da zai riƙe shi, yarjejeniya ba za ta hana zuciyarsa komawa inda ya fito ba. A ware kaso na asusun domin ɗakin gwaji guda mai takardar amincewa ta duniya, wanda mambobi za su riƙa biya suna gwada kayansu, ya riƙe kansa da kansa. Inda karatu ta intanet zai wadatar, a bi wannan hanya, ma'aikaci yana bakin aikinsa yana karatu, an huta da kuɗin zama da na biza.

Matsalolin bincike kuwa ba sai an nemo su da fitila ba, ko a cikin Babban Birnin Tarayya kaɗai. Tun da aka dawo da mazaunin gwamnati nan a watan Disamba na 1991, jama'a sun ƙaru fiye da yadda masu tsara birnin suka zata. Ruwan madatsar Usuma bai isa unguwanni da yawa na bayan gari ba, mutane sun dogara ga rijiyar burtsatse da 'yan garuwa, galibi kusa da masai. Akwai ƙurar masu fasa dutse a Mpape, akwai juji na Gosa da abin da ke tsiyaya daga gare shi zuwa ƙarƙashin ƙasa, akwai hayaƙin janareta a kasuwanni da rukunin shaguna. Ambaliyar da ta mamaye wani rukunin gidaje a Lugbe a 2023 ta nuna abin da gini a kan hanyar ruwa ke jawo wa mai gida da mai ba da rance. A wannan shekarar ce kuma aka tabbatar da ɓullar cutar antiraks, mai kama dabbobi da mutane, a wata gona kusa da Suleja. Masu kiwon kaji ba su manta da 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a nahiyar Afirka a wata gona da ke Jaji, aka yi ta kashe kaji, ciniki ya tsaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da mai asara a cikin masu karanta wannan shafi, kuma kowane ya isa kundin digiri na biyu.

Ga mahaifin da takardar gurbin karatu ke kan teburinsa a yau, kuma babu asusun da zai jingina da shi, shawarata ita ce ya yi wa yaron tambayoyin da zai yi wa duk wanda ya zo neman jari. Wace matsala za ka warware, wa zai biya ka idan ka warware ta, kuma me ya hana a koyi wannan a Zariya ko Minna? Idan amsoshin sun gamsar, a nemi tallafi tukuna kafin a taɓa kadara, kuma kada a biya kafin alƙalami sai an tanadi kuɗin shekarar gaba ɗaya a cikin kuɗin ƙasar da za a je. Idan ba su gamsar ba, ya yi aikin shekara biyu ya dawo da tambayar. Su kuwa shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, taronsu na shekara mai zuwa ya isa a gabatar da wannan batu, a naɗa kwamiti, a fara da mutum biyu ko uku. Allah ya sa mu dace.